Sandar Baba Tana Tokare da Ƙofa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifinmu, Malam Sule. Allah Ya jiƙansa da rahama.

Lokacin da ɓarin jikinsa ya shanye, har magana ta ɗauke masa. Mun so ya kwanta a yi masa komai, ya ƙi. Kullum in ya idar da asuba sai ya dogara sanda, ya bi siririyar hanyar da ta ratsa gonakin gero a ƙauyenmu, can wajen Tsanyawa, yana jan ƙafa, maƙwabta na kallo. Kafin kaka ta zagayo bakinsa ya buɗe. Da harshe mai nauyi yakan ce mana, "Motsi ya fi laɓewa." Muka ce ikon Allah. Ikon Allah ne kuwa, amma ashe da sababi.

Bana 'yata Hauwa, da ke karatun aikin jinya, ta bayyana mini sababin. Ta ce in jiki ya motsa, jini yakan ƙara gudana zuwa ƙwaƙwalwa, ƙwaƙwalwar kuma ta fitar da wani sinadari mai aiki kamar taki. Sai ƙananan jijiyoyinta su yi saiwa, su kama juna, su buɗe sabuwar hanya kusa da wadda ta toshe. Ashe noma Baba yake yi a cikin kansa.

Yanzu Inna ce mantuwa ta kama. Tun ranar da ta je roron gyaɗa ta kasa gane hanyar gida, yayyena suka hana ta fita. An ɗauke turmi, an ɗauke tsintsiya. Na roƙi Yaya Garba a riƙa zagayawa da ita ko bayan gida ne.

Ya ce, "So kike a ce mun bar uwarmu tana gararamba a gonakin mutane kamar marar 'ya'ya? Ke da 'yar likitarki ku ƙyale mu."

Ƙauna ce, na sani. Ni kuma ina ɗakin aurena a Rimin Gado, bakina bai kai can ba. Da Baba na nan, da bai yi musu da kowa ba. Hannunta zai kama su fita.

Me ya rage nasa? Karin maganarsa, da sandar nan. Ita ake tokare ƙofar Inna da ita. Zuwana na ƙarshe Inna ta daɗe tana kallon sandar, sannan ta juyo gare ni.

"Baiwar Allah, mai sandar nan bai zo mu tafi ba?"