Garba Afdet da Kaset ɗin Babanmu

Duk wanda ya taɓa shiga shagon Garba a Kura ya san wannan halin nasa. Kwamfuta za ta daskare ana tsakiyar aiki, wani ɗan akwati ya fito a allo yana cewa an samu matsala, a aika da rahoto ko kada a aika. Kowa a duniya "kada a aika" yake dannawa ya ci gaba da harkarsa. Ban da Garba. Sai ya gyara zama, ya gyara hula, ya yi bisimilla, ya danna "aika", sannan ya juyo kamar wanda ya fito daga gaban alƙali ya ce, "Na kai ƙara."

Kwamfutar nan kuwa ko intanet ba ta da shi! Shagona na iri da taki yana jikin nasa, kuma tare muka taso tun firamare, don haka ni ne mai haƙƙin faɗa masa gaskiya. Na ce, "Garba, ta wace hanya ƙarar take zuwa?"

Ya ce, "Lawan, mutanen da suka ƙera wannan abu, kai kake tsammanin ba su da hanyoyinsu?"

"To sun taɓa ba ka amsa?"

"Layi ne. Ba ni kaɗai ba ne a duniya."

Ba a banza aka sa masa Garba Afdet ba. Kusan duk wata sai ya rufe shago ya hau mota zuwa Kano, ya wuni a gidan intanet yana sauko da gyare-gyaren da masu manhajar kwamfuta suka fitar, wato afdet, ya cika faifai ya dawo yana murna. Kwamfuta tana aikinta lafiya lau, tana buga katin biki da na suna, tana zuba wa samari karatu da waƙoƙi a faifai. Sai ya ɗura mata afdet. Washegari wani abu ya mutu. In ba firinta ba, maus. In ka yi magana ya ce, "Ai na gaba zai gyara." Na gaban ya zo ya gyara wancan, ya kashe wani.

Ni abin da ya haɗa ni da wannan wahala kaset ne. Babanmu ya daɗe yana zaune a Makka yana sana'a, can kuma Allah ya karɓi abinsa. Kafin ya rasu ya kan ɗauki muryarsa a kaset ya ba alhazai su kawo mana. Duk sun salwanta sai na ƙarshe, shi ma zarensa ya fara sakwarkwacewa, muryar tana rawa. Ba mu da hoton Baba mai kyau, kabarinsa ma ba mu sani ba. Kaset ɗin nan shi ke nan abin da ya rage mana. Garba ya ce in kawo ya mayar min da shi faifai, aikin shan shayi ɗaya ne. Na kai masa ranar wata Laraba. Ya ce in dawo Juma'a, domin ranar Alhamis zai shiga Kano.

Ranar Juma'a kwamfuta ta kurumce. Ko ƙyas ba ta cewa. Wai afdet ɗin da ya kawo bai san katin sautinta ba, sai an nemo direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane kayan da aka jona mata. Na ce to ina faifan direban da aka sayo kwamfutar da shi? Sai ya fara sosa ƙeya.

Ashe ya kyautar! Wani manomin shinkafa daga wajen Bunkure, Malam Ya'u, ya zo neman tsofaffin faifai don ya rataya a gona, ƙyallinsu ya riƙa korar tsuntsaye. Garba ya kwashe duk abin da ya tsufa a shagon ya ba shi, wai tsohon abu ba ya zama kusa da sabo. Haka muka hau babur ɗina muka bi gefen kanal ɗin ban ruwa da rana tsaka. Ku da kuka san Garba da farin yadinsa da ba ya yarda ƙura ta taɓa, da kun gan shi ya naɗe wando ya tsunduma cikin taɓo har gwiwa, yana bin igiya yana juya faifai ɗaya bayan ɗaya yana karantawa. Malam Ya'u yana kan kunyar gona yana ihu, "Malam, a hankali, shinkafar nan ta fara ciki!"

Ya samo shi kuwa. Rana ta lanƙwasa shi ya zama kamar marfin tukunya, ga kashin tsuntsu a kai. Garba ya ɗaga shi sama, ya dube shi da kyau, ya ce, "Ka gani ko? Dama tsoho ne. Ko ba a rataya shi ba da ba zai yi aiki ba." Wallahi ranar saura kaɗan in bar shi a Bunkure ya dawo a ƙasa.

Na ce ya ba ni kaset ɗina in kai Kano. Ya buɗe durowa, ya nuna min shi a naɗe cikin farin ƙyalle, ya mayar ya kulle, ya jefa makulli a aljihu.

"Ba ni abina, Garba."

"Yaran Kano za ka kai wa muryar Baba Alhaji? Su sa a rikodar da ba su taɓa gogewa ba ta cinye zaren? Ba da ni ba."

"To kai me ka yi?"

"Na kai ƙara."

Haka aka yi girbin shinkafa, aka shiga noman rani, tumatir ya yi araha har ana zubar da shi a bakin titi, damina ta sake zagayowa. Yayata Hajiya Binta duk ta zo gida sai ta tambaye ni, "Lawan, ina muryar Baba?" Ana cikin haka sai babbar sabuwar manhaja ta fito, wadda ake ta zancenta a gari, Garba ya ce ƙarshen wahala ya zo. Ya ɗora wa 'yar tsohuwar kwamfutarsa ita. In ya kunna ta bayan azahar, sai an kira la'asar take gama buɗe ido. Firinta ta ce ba ta san ta ba, sikana ma haka. Masu katin biki suka koma wani shago. Sai da matarsa Ladidi ta aiko da yara su faɗa masa cefane ya gagara, sannan ya haƙura ya mayar da tsohuwar manhajar. Ko da hakan bai yarda ya yi kuskure ba. Cewa ya yi, "Ta riga zamaninta ne. Za su gyara."

Wata safiya ina auna wa wani irin albasa sai na ji ihu ta bango, "Lawan! Ta yi magana!" Wani afdet ya dawo da sauti, amma rabi. Ramin makirufo yana aiki, ramin da ake jona wayar rikoda kuwa yana nan a mace. Garba ya ce ba zai ƙara jira ba, kada na gaba ya zo ya kashe wannan ma. Karo na farko ke nan da na ji ya ji tsoron afdet. Ya kore ni, ya rufe ƙofa don hayaniyar titi, ya kafa makirufo a gaban lasifikar rikoda, ya kunna kaset.

Da yamma ya shigo shagona da faifai a hannu ɗaya, kaset a ɗaya hannun, zarensa ya zubo ya cukurkuɗe. Rikoda ta cinye shi daf da ƙarshe. Ya ce, "Amma na kama shi duka, sai 'yar sallamar ƙarshe." Na karɓa na tafi gida, na tara 'yan uwana, muka kunna.

Muryar Baba ta fito tana sallama. Kafin mu amsa sai muka ji wani ya riga mu: "Wa alaikumus salam, Baba Alhaji." Garba ne! Ya manta makirufo yana jin kowa. Baba yana gaida mu ɗaya bayan ɗaya da suna, yana cewa kada mu yi rigima da maƙwabta a kan ruwan kanal, Garba yana cewa, "Gaskiya ne, Baba." Can sai ga ihu, "Anjima! Anjima na ce!" Ashe kwamfutar ce take matsa masa lallai sai ta kashe kanta ta sake kunnawa don afdet ya zauna, shi kuma yana danna mata "anjima". Ba ta daina ba, shi ma bai daina ba. Baba yana mana nasiha a kan zumunci, Garba yana roƙon na'ura, "Don Allah ki bari tsohon nan ya gama magana."

Na koma shagon a fusace. Na ce, "Shekara nawa ina jira, ka cika min muryar ubana da surutunka, ga kaset ya mutu!"

Ya ce, "Kwantar da hankalinka. Akwai manhajar da take cire murya ɗaya ta bar ɗaya. Tana nan fitowa."

Bai ga fitowarta ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, kafin mu ankara an yi jana'iza. Daga baya ɗan Hajiya Binta da ke karatun kwamfuta ya ce yanzu zai iya gwada share muryar Garba daga faifan. Hajiya ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Bar shi." Ni ma abin da ke bakina ke nan.

Har gobe in na kunna haushinsa nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Amma akwai wurin da Baba yake mana addu'a, yana cewa Allah ya haɗa fuskokinmu a Aljanna, sai ka ji Garba can ƙasa-ƙasa yana cewa amin. Nan kam ba na iya riƙe hawaye. Allah ka amsa wannan amin ɗin. Allah ka jiƙan Baba, ka jiƙan abokina Garba, ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka raya abin da ya bari.