Baba Tela da Kafaɗar Maballi

Babanmu tela ne, irin wanda ba ya iya ganin yagewa ya kau da kai. Ko gaisuwa ce ta kawo mutum, in dai aljihunsa a ɓarke yake, sai ya ce, "Tuɓe, malam, ba ka fitar min daga shago a haka." Tun da na yi wayo nake ganinsa a kujera ɗaya, tef a wuya, allura a baki.

Da Innarmu ta rasu, sai bakinsa ya mutu. Ko sunanta ba ya ambata. Abokiyar hirarsa ɗaya ta rage, Maballi, tsohuwar kyanwar da Inna ta raina. Haƙoranta sun zube rabi, aikinta kwanciya kan ƙyallaye a gindin keken ɗinki. Ita yake kai wa ƙarar masu kaya.

Ran nan wani muzuru ya cije ta a kafaɗa. Baba ya ga rami a fata, telanci ya motsa. Allah ya taimaka bai soka mata allura ba, amma ya haɗe bakin ciwon, ya naɗe shi tam da farin ƙyalle, ya bi ƙyallen da ɗinki kamar wuyan riga.

Kafin a ce me, kafaɗa ta kumbura. Maballi ta daina ci, Baba ma ya ture kwanonsa. Da na leƙo shagon, wari ne ya tare ni tun daga ƙofa. Na san in kyanwar nan ta tafi, shiru zai cinye tsohon nan. Na ce, "Haba Baba! Tashi mu tafi asibitin dabbobi."

Likitar ta sa almakashi ta farke ƙyallen, mugunya ta kwararo. Ta ce, "Baba, ɗinki kam ya yi kyau, amma cizo ba a rufe shi. A buɗe ake barinsa ya tsiyaye, ya warke daga ciki." Ta wanke, ta yi allura, ta ba da magani, ta ce a riƙa gasawa da ruwan ɗumi mai gishiri safe da yamma. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, ko harararsa ba ta yi ba.

Nan fa Baba ya ga jarrabawa. Yagewa a gabansa, an ce kada ya taɓa! Yana gashi yana ƙunƙuni, ni kuwa ina tsokanarsa zan kulle allurai a akwati. Da hannun ya ƙi zama, sai ya ɗinka mata kwala mai tauri don kada ta lashi ciwon.

A hankali ramin ya cike. Ranar da ta koma kan ƙyallayenta da ƙafarta, ina wurin. Baba ya shafa tabon da babban yatsa, ya ce, "Dubi layin nan a karkace. Amma ya riƙe." Sai ya ƙyalƙyale da dariya. "Haka Innarku take ɗinki, wallahi. Bari in ba ki labarin rigar da ta taɓa yi min."

Na jawo kujera na zauna, hawaye na zuba, ina ta godiya ga Allah.