Shayi Ya Tsaya a Gusau

Bari in fara da laifina kada wani ya riga ni faɗa. Ni ne na ɗauke kan ƙaramin jirgin ƙasan Kawu Haruna na kai shi kanti, tun ba a yi sadakar arba'in ba. Ni Sani, ɗan ƙanwarsa, wanda ya riƙe tun zuwana London. Zan zo kan wannan. Amma ku da kuka san shi kun san ba a fara zancen Kawu sai da shayi.

Duk wanda ya je gidansa a Dagenham ranar Asabar, ba a miƙa masa shayi a hannu. Ina! Sai ka wuce can ƙarshen gadin, wato lambun bayan gida da ya shimfiɗa wa dogo, ka zauna a benci, inda ya kafa ɗan allo ya rubuta Kaura Namoda. Matarsa Inna Ladi ta zuba shayin a ƙofar kicin, wato Zariya ke nan. Shi kuma ya ɗora kofin a tarago, ya gyara hularsa ta tsohon ma'aikacin reluwe, ya busa usur. Jirgin kuwa ba irin ƙananan da ake saya wa yara ba ne. Kansa ya kai tsawon hannun mutum, ana zuba masa ruwa, a kunna masa gas, ya riƙa huci da tururi na gaske. Ɗan Kaura sunansa. Sai dai fa dole ya tsaya a Funtuwa, bayan kwandon shara, ya kuma tsaya a Gusau, gindin tuffa.

"Kawu, shayin nan ya huce fa!"

"Ana jiran giciye."

"Wane giciye? Jirgi ɗaya ne a gidan nan!"

"Kai dai ba ka san aiki ba. Jirgin da ya zo a kan lokaci ba namu ba ne."

Wata rana kyanwar maƙwabta ta zo ta miƙe a kan dogo tana shan hantsi. Na tashi zan kore ta, ya daka mini tsawa: "Zauna! Shanu ne suka tare hanya." Haka muka zauna, ni da shi da shayin, har Hajiya kyanwa ta ga dama ta tashi.

Sai ranar da na raka shi baje kolin masu wannan sha'awa. Ya ga wani tarago a teburin wani Bature, idonsa ya faɗa. Bature ya faɗi kuɗi, Kawu ya taya rabi, Bature ya ce a'a. Sai Kawu ya ja hannuna, ya fara tafiya a hankali, kunne a baya.

"Kada ka waiga. Yanzu zai ce mu dawo."

Muka yi ta tafiya.

"Kawu, ga motarmu fa."

Ko da muka koma, wani ya saye. Duk hanya yana mita: "Mutanen nan ba su iya ciniki ba. Shi ya sa kasuwarsu take mutuwa."

Mutuwar kuwa tana yi, shi ma ya sani. Kantunan da ya saba zuwa suna ta rufewa, kayan gyara sai an yi oda an zauna jira, kuma kullum tsadarsu ƙaruwa take yi. Yakan ce, "Dubi zauren baje kolin nan, Sani, duk furfura ce. Yaran yanzu suna flat a saman bene, a baranda za su shimfiɗa dogo? Kasuwar nan yanzu rasuwa ce ke kawo mata kaya." Ni kuwa dariya nake yi. A bayan idonsa nakan ce tsoho ya koma wasan yara.

To, da ya rasu, sai na yi wayon banza. Na ce bari in rage wa Inna tarkace. Ban tambaye ta ba. Na naɗe Ɗan Kaura a tsohon tawul na kai wa wani mai kanti. Mutumin ya nuna mini kantoci cike da irinsa har sama. Ya ce kusan duka 'ya'ya da matan mamata ne suka kawo, masu sayarwa sun fi masu saye yawa. In na yarda in bar shi, in an samu mai so ya kira ni. Na bari.

Asabar ta zagayo, ina gidan, sai ga tsofaffin Turawa 'yan kulob ɗin masu jirgi da Kawu yake ciki, kowa da irin hularsa, wani har da sanda. Babbansu Mista Derek ya gaida Inna, ya ce sun zo cika alkawari. Ashe al'adarsu ce, in ɗayansu ya rasu, sai a kunna jirginsa ya yi zagayen ƙarshe a kan dogonsa, su kuma su tsaya su cire hula. Inna ta daɗe da amsa musu.

Ta dube ni. "Sani, ɗauko musu Ɗan Kaura a ɗakin ajiya."

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na faɗa mata gaskiya a gaban baƙi. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa kawai ta yi, "Abu ɗaya ya roƙe ni a asibiti, kada in bari a rufe layin nan ba a yi sallama ba."

Na zari makullin mota. Duk hanya addu'ata ɗaya ce: Allah ka sa kasuwar nan ta mutu murus, kada ka kawo mai saye yau! Na faɗa kantin ina haki. Ga shi nan inda na bar shi, ko tawul ɗin ba a warware ba. Ban taɓa gode wa Allah a kan rashin ciniki ba sai ranar.

Ko da na dawo, rana ta yi sanyi, tsofaffi sun gaji da tsayuwa sun zauna a kan bokitai. Mista Derek ya dubi agogo, ya dube ni, ya ce, "Haruna zai ji daɗi. Jirgi ya makara." Inna ta rufe baki da mayafi, ban san ko dariya take yi ko kuka ba.

Suka zuba ruwa, suka kunna wuta, Ɗan Kaura ya fara huci. Na zuba shayi a Zariya na ɗora a tarago, Inna ta je ta zauna a Kaura Namoda. Tsofaffi suka cire hula. Da jirgin ya kai gindin tuffa, Mista Derek ya tsayar da shi, kuma babu wanda ya ce a yi sauri.

Allah ya jiƙan Kawu Haruna, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya sauka a tasha mai kyau.

Shayin ya isa a huce. Inna ta ɗauka ta kurɓa. Na durƙusa a gabanta a kan ciyawa na ce, "Inna, na ɗauki abin da ba nawa ba, na kuma raina abin da ban sani ba. Ki yafe mini, ki yafe mini a madadin Kawu."