Gaisuwar da Ta Makara a Hanya

Justin yana bin gidan Hajiya Kande bashin "mun gode", kuma har yau ba su biya ba. Katanga ce tsakanina da su, a gabana aka ci bashin.

Kullum da safe za ka ji babur ɗinsa a layinmu. Aikinsa rauta, akwatin nan mai kunnuwa da ke kawo intanet cikin gida. Sai ya tsaya a zaure ya yi sallama, mata su kimtsa, sannan ya shigo ya auna gudun abin da wayarsa, ya auna daɗewar da saƙo ke yi kafin ya je ya dawo. Tun gashinsa yana baƙi yake mana wannan a Azare.

To, Kande tana da ɗa, Sha'aban, yana karatu a Masar. In ya yi kiran bidiyo, ta ce "ya karatu?", sai ya yi shiru yana kallonta. Ta buɗe baki za ta ci gaba, sai ya faɗo mata cikin magana. Ta ce yaro ya ga ƙasar waje ya raina uwa. Da kunnena na ji ta rantse, in ya ƙara katse ta, za ta ɗaga masa nono.

Justin ya zo awo, ya nemi rauta ya rasa. Ashe tana cikin kabad, tsakiyar kwanuka, an lulluɓe ta da ƙyalle kar ta yi datti.

Ya ce, "Hajiya, aurar da ita kika yi, har da jere?"

Ta ce, "Kai dai yi abin da ya kawo ka, ɗan Bogoro."

Ya auna, ya girgiza kai. Bai tsaya yi mata lissafi ba, ya ce ta kira ni. Ta ji "na'am" ɗina ta kan katanga, sai can daga baya ta ji shi a waya.

Ya ce, "Mama, nan da maƙwabta ke nan, balle Masar. Ɗanki bai raina ki ba, maganarki ce ke makara a hanya."

Ya fito da akwatin, ya rataye shi sama kusa da taga, ya sake awo. Ranar uwa da ɗa suka yi hira har tuwonta ya kama.

Amma da Sha'aban ya dawo aka yi walima, sai kawunsa Alhaji Maikuɗi ya miƙe ya ce shi ya sasanta su. Shi da bai san inda ake kunna abin ba. Aka gode wa mai girki, aka gode wa mai rumfa. Justin yana zaure yana jan waya don dangin nesa su kalli taro, ko ruwa ba a miƙa masa ba.

Kai ne mai awon da ba ya tauye mudu, Justin. Ka ji asirin gida, ba ka kai shi kasuwa ba. Masu shiga gidajen mutane da jakar aiki, ku koyi wannan.

Ranar Asabar Justin zai ajiye aiki ya koma garinsu Bogoro. Na aika wa Kande ta zo ta gode masa, ta ce ai an biya shi ladansa. Ladan rataye akwati aka biya, Kande, ba na ɗa ba.

Nawa na sauke: na gode, Allah ya kai ka lafiya. In kuwa motarka ta tashi Kande ba ta zo ba, ni zan zaunar da Sha'aban in gaya masa wanda ya tsaya tsakaninsa da bakin uwarsa.