Garzali Mai Lallashin Kwamfuta

Taubashina Garzali, mai haɗa bidiyon biki a Wudil, lallashin kwamfuta yake kamar jaririya. Ranar da dangin wata amarya suka zo daga Darki karɓar bidiyonsu, motarsu na shirin tashi, ya ƙara wa ƙwaƙwalwar kwamfutar gudu don aikin ya ƙare da wuri. Ta yi zafin da wallahi za a soya ƙosai a kanta, ta ɗauke.

Na ce, “Injiniya, ƙara mata wuta mana!”

Ya ce, “Kai da ka gudu daga aji uku? Wutar ce ke dafa ta.”

Ya dinga rage wutar kaɗan-kaɗan yana gwadawa, har ta zauna daram. Uwar amarya ta karɓi bidiyonta tana sa masa albarka, ni ko kallo ban samu ba.