Ɗalibin da Manhajata Ta Binne

Ban taɓa mantawa da ranar da Modu ya shigo ofishinmu ba. Lokacin ina sashen kwamfuta na wata kwaleji a nan Maiduguri, kuma ni aka ɗora wa rubuta manhajar sabunta bayanan ɗalibai. Aikin ba wuya. Akawu ya buɗe shafi, ya sa lambar ɗalibi, ya gyara abin gyarawa, sai saƙon ya tafi babbar kwamfutar da muke kira saba, ita ta adana.

Rajistararmu, Madam Saratu, 'yar kudancin Borno ce, mace mai tsare gida. Ita ta ce in sa matsayi huɗu: yana karatu, ya gama, ya janye, ya rasu. Ta ƙara da sharaɗi cewa duk wanda aka rubuta ya rasu, saba ta kulle bayanansa har abada, don kada wani marar tsoron Allah ya sayar da sakamakon mamaci. Na yi kullen da kyau, har ina cika baki cewa ko Madam kanta ba za ta iya buɗewa ba.

Wata Alhamis akawunmu ya leƙo, fuskarsa ba daɗi, ya ce manhajata ta ƙi karɓar wani ɗalibi da ya zo komawa karatu, ga shi gobe za a rufe rajista. Na sa lambar da kaina. Jan rubutu ya fito: ya rasu. Na ɗaga kai, ga mutum tsaye, dogo, ramamme, fuskarsa ita ce a hoton da ke shafin.

"Malam, an ce wai na mutu," in ji shi, a hankali.

Ashe shekarun baya aka tare motarsu a hanyar ƙauye, aka tafi da shi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Iyayensa suka yi ta jira har suka haƙura, aka yi addu'a, aka yi sadaka, mahaifinsa ya kawo wa makaranta labarin rasuwarsa da bakinsa.

Madam na shigowa ta dafa ƙofa. Ita ce a wancan lokacin ta jagoranci malamai zuwa gaisuwar rasuwarsa a unguwar Old Maiduguri.

"Modu? Ɗana, kai ne?"

"Ni ne, Mama."

Na yi mata bayanin cewa shafin ba zai buɗe ba, sai dai in shiga cikin saba in canza da hannu, kuma doka ta ce sai da shaida. Ta kalle ni kamar ta mare ni. "Wace shaida kuma? Ga shi yana numfashi a gabanka!"

Na shiga na canza. Aka zo gurbin dalilin gyara, na rasa abin rubutawa. Modu ya ce, "Ka sa ban mutu ba." Haka na sa, kuma a ranar ya yi rajista.

Bayan ya fita, Madam ta tambaye ni cikin waɗanda muka kulle, su nawa aka ga gawarsu. Muka bi su ɗaya-ɗaya da akawu. Da yawa babu wanda ya ga komai, labari kawai aka kawo. Ranar ban iya cin abinci ba.

A makon na ƙara matsayi na biyar: ba a san inda yake ba. Duk waɗanda ba a ga gawarsu ba, can na mayar da su. Shi ya sa nake ce muku, ku da kuka zo bayanmu, kafin ku rubuta wa na'ura hukuncin da ba ya warwaruwa, ku fara tambayar a wane gari kuke aiki. Har na bar kwalejin, wasu uku sun dawo, kuma sun tarar da sunayensu a buɗe.