Koriyar Fitila a Ofishin Malama

Aikin wayar tarho na yi, tun zamanin da sai ma'aikaci ya zauna gaban babban tebur mai ramuka, ya ɗauki igiya ya cusa nan ya cusa can, kafin mai kira ya ji muryar wanda yake nema. Na fara a Sakkwato, aka tura ni Yamai, daga can na bi wani kamfani zuwa Bur Sudan, na yi shekaru a Jidda, har Faransa an kai ni kwas. Zabarmanci da Larabci da Faransanci duk a hanya na tsince su, Fulatanci kuwa na gida ne. Da ƙarfi ya ragu na dawo Gwandu, na gyara ɗakin mahaifina na zauna.

'Yata ta fari tana koyarwa a jami'a a Kalgo. A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi, ba ya nuna wa mutane ya damu da shi. Ƙanwata da ke aure a Kambaza ita ta riƙe ta tun daga yaye, kuma ita ke da bakin cewa ɗiyata. Ni Malama nake ce mata tun da ta fara aiki. Kowace Alhamis nakan fita da sunan zuwa Birnin Kebbi duba ido, in na gama sai in hau motar Kalgo, in ce biyowa na yi. Ta san ba hanyata ba ce. Ba ta taɓa faɗi ba.

Wata Alhamis na iske ta buɗe cikin kwamfuta, ta soka wani allo mai tsawon tafin hannu, da farfela ƙarama a kansa tana juyi. Na tambaye ta abin da ya lalace.

Ta ce, "Ba abin da ya lalace, Baba. Baƙo muka yi."

Ta nuna mini wata baƙar ƙwaya a tsakiyar allon. Ta ce ƙwayar da ke cikin kowace kwamfuta ana fito da ita daga masana'anta da hanyoyinta a haɗe, ba a sake su, umarni kawai ake ba ta tana bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan kuwa a warware take zuwa. Kai za ka rubuta yadda kake so hanyoyin cikinta su haɗu, sai ta zama na'urar aiki guda, ta yi shi da saurin da kwamfutar ba ta iyawa. Gobe in ka so ka warware ka haɗa wata.

Na ce, "Ashe teburinmu ne aka ƙanƙance."

Ta yi dariya, ta ce kusan haka ne, sai dai igiyoyin ba su ƙirguwa, kuma ba da hannu ake cusa su ba. In ta gama rubutu sai ta miƙa wa kwamfuta ta tsara haɗin, abin da take kira gini. Gini ɗaya yakan ci daga hantsi zuwa la'asar. In ta yi kuskuren harafi ɗaya, sai an sake daga tushe.

Aikin da take so ta koya wa allon shi ne tsintar tsakuwa daga shinkafa. Kyamara za ta ɗauki hoton ƙwayoyi suna zubowa, allon ya duba kowane hoto ya ce wannan shinkafa ce, wannan tsakuwa. Gwaggonta ce ta kawo mata kayan gwaji, kwano biyu na shinkafar gida da ƙullin tsakuwar da ta tsince da hannunta, tana cewa ita da faifai ɗaya ta yi wannan aiki shekara arba'in ba wanda ya ba ta ofis.

A ranar ne kuma, tana kallon kwamfuta ba ni ba, Malama ta gaya mini sauran zancen. Wasu masana a wata ƙasar Turai sun ga abin da ta rubuta. Sun ce in ta nuna allon ya fi kwamfuta sauri kafin faɗuwar damina, za su ɗauke ta karatu shekara huɗu.

Na ce, "Allah ya sa alheri." Abin da uba ke faɗi ke nan. A mota na lissafa shekaruna, na ɗora huɗu a kai, ban ji daɗin jimlar ba.

Makonni suka shige, allon ya koyi bambanta tsakuwa da shinkafa, amma sauri ya ƙi. Kwamfutar ita kaɗai takan gama hotunan gwaji, allon yana rabi. Malama ta ɗauka masu dubawar da ta gina a cikin ƙwayar ne suka yi kaɗan. Ta mayar da su huɗu, ta jira gini, ba canji. Ta mayar da su goma sha shida. Kowace Alhamis nakan same ta da sabon zane a takarda, idanunta sun faɗa, abincinta ya huce a kwano.

Ni kujerata tana gefen kwamfutar, wajen da aka buɗe. Rubutun da ke fuskar na'urar ba na gane shi, idona ma ba ya kaiwa. Amma akwai wata koriyar fitila a gefen allon, kamar ƙwayar gero. Na tambaye ta aikinta, ta ce ita ta haɗa ta, tana kamawa in ƙwayar na aiki, ta mutu in ta tsaya. Ta faɗa ta koma kan takardunta.

Duk rayuwata fitilu na karanta. A teburin waya fitila ce ke gaya maka layi na magana ko ya saki. Sai na zuba wa wannan ido. Takan ƙifta, ta mutu, ta daɗe a mace, ta sake ƙiftawa. Na gwada da bugun yatsa a gwiwa: ɗaya tana kunne, wajen tara tana kashe. Na tambaya, kamar mai neman hira, yadda hotunan ke isa wurin allon. Ta ce kwamfuta ke aika hoto, allon ya duba ya maido amsa, sannan a aika na gaba.

Nan take na ga abin. Ƙwayar ba nawa take yi ba, zaman jira take yi. Na buɗe baki, sai na rufe. Na ce la'asar ta yi, zan nemi mota.

Ban wuce Gwandu ba, na sauka a Kambaza. Na sami ƙanwata tana tankaɗe a tsakar gida, na gaya mata duka. Ta ajiye rariya.

Ta ce, "To, Yaya, wa ya tambaye ka?"

Na ce ba kowa.

"To ka riƙe bakinka. Kai da ka tai yawon duniya, mi ka samo? Harsuna biyar da ciwon ido. Baffa da ya haife mu ya rasu kana Jidda, sai kabari aka nuna maka. Wagga ɗiya ni na yi wahalarta, ba kai ba. In abin ya ƙi, Allah ne bai nufa ba."

Na ce, "In Allah ya nuna mini kuma fa?"

Ta ce, "Da can da kake ganin abubuwa, duka kake faɗi?"

Gaskiya ta faɗa. Alhamis ta zagayo na je Kalgo, na zauna a kujerata, na kalli fitilar tana ƙiftawa, na sha ruwa na tashi ban ce komai ba. Na gaya wa kaina ni ba masanin wannan fanni ba ne, watakila na yi kuskure, kada tsoho ya rikita mai ilmi. A Faransa na ga uba ya rungume 'yarsa a tashar jirgi yana kuka yana cewa kada ta tafi, ita kuma ta sumbace shi ta tafi abinta. A lokacin na ga rashin kunyarsa. A makon nan sai na ga shi aƙalla a fili ya yi roƙonsa, bai ɓoye mata hanya ba.

Alhamis ta biyu na iske hadari ya fara haɗuwa ta gabas, ita kuma ba zane a gabanta. Farfelar allon a tsaye. Ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta zauna.

Ta ce, "Baba, zan rubuta musu in ce su ba wani. Na yi gini goma sha ɗaya. Ina jin kaina ne bai kai ba."

Da ta ce allon ne ba shi da kyau, ko lokaci ne ya ƙure, ina tsammanin da na bar ta. Amma kanta ta tuhuma, kuma da wannan za ta zauna kusa da ni har in mutu.

Uba ba ya zaunar da 'yar fari ya koya mata aikinta. Sai na kalli taga na ce, "Malama, na taɓa ba ki labarin Bur Sudan?"

Ta ce a'a, da muryar mai haƙuri da tsoho.

Na ce lokacin da muke ja musu waya a tashar jiragen ruwa, an kawo sabon injin ɗaga kaya, ƙato, kowa na zuwa kallo. Wata guda ana lodi, jirgi bai fi cika da wuri ba. Manya suka ce a ƙaro inji na biyu. Wani tsohon ɗan dako ya ce su tsaya su kalli injin tukuna. Mota ɗaya ce ke kawo masa kaya daga sito. Ya ɗauke cikin ƙiftawar ido, sannan ya rataye ƙugiyarsa yana jiran ta je ta dawo.

"Sai aka yi yaya?" Muryarta ta sake.

"Aka daina kawo masa kaɗan-kaɗan. Aka sa mota biyu, a cike. Yana sauke ɗaya, ɗaya tana hanya."

Ta miƙa hannu ta kunna allon, ta sa gwajin, ta durƙusa gaban fitilar, kanta kusa da gwiwata. Tun tana jaririya ba ta matso ni haka ba. Ta daɗe tana kallo.

Ta ce, "Tun yaushe ka gani?"

Na ce, "Mako biyu."

Ta ɗago ta dube ni, abin da ba ta yi. Na jira ta tambayi dalili. Ba ta tambaya ba. Ta ja kujera ta fara rubutu, ta ce ƙwayar ba sai an taɓa ta sosai ba, yawancin gyaran a wajen aikawa yake: hotuna su tafi da yawa a tafiya ɗaya, wani kaya na shiga ana duba wani. Na zauna har aka kira la'asar, sannan na tafi.

Ban ga ranar da abin ya yi ba. Malama gwaggonta ta kira ta gaya wa, ƙanwar tawa kuma ta aiko mini da saƙon baki ta hannun mai kai nono Gwandu, cewa burina ya cika, in zuba ruwa a ƙasa in sha. Wata biyu ƙanwata ba ta amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba.

Malama ta tafi lokacin da gero ke fitar da kai. Ban raka ta ba, ba a yi. Ta zo sallama da safe, ta durƙusa a bakin ƙofa, na yi mata addu'a ina kallon tabarma.

Yanzu ranar Juma'a bayan an sauko take kira, wayar gwaggonta. Na mayar da sallar Juma'ata Kambaza. Nakan zauna a zaure, ƙanwata kuma takan fito da wayar tsakar gida ta buɗe murya har ƙarshe, tana cewa kunnenta ne ya yi nauyi. Shekara ɗaya da wata biyar ke nan. Saura biyu da wata bakwai, in da rai.